Saniyar Mama Afiniki

Silvanus ya shekara ashirin da biyu yana yi wa shanu allura kafin ofis ya tura shi kos na wata uku a Zariya. Ya dawo Kafanchan a watan Yuli na 1977 da akwatin ƙarfe, da littafi mai baƙin bango, da wata magana da ba ta barin bakinsa. Matarsa Emilia ta ce ko tuwo yake ci sai ya ajiye loma ya koma kan maganar.

Maganar ba ta da wuyar ganewa. Shanun yankin suna haihuwa ne duk lokacin da ya zo musu, kuma da yawa sukan haihu a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta ƙone, uwa ta rame, hantsa ta bushe. Silvanus ya binne 'yan maruƙa da hannunsa fiye da yadda zai iya tunawa. To, ga shi an zo da wata sabuwar allura. A yi wa saniya sau biyu, kwana goma sha ɗaya tsakani. Bayan kwana uku, duk shanun da aka yi wa za su nemi bijimi a rana ɗaya. A ranar sai a kawo irin bijimin Turai a daskare cikin fulas, a sa musu da hannu. Idan an yi haka a watan Agusta, za su haihu tare a watan Yuni, ƙasa ta yi kore, nono ya wadata.

Sharaɗi ɗaya ne malaminsu ya yi ta maimaitawa, Silvanus kuma ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa: ba a yi wa saniya mai ciki, domin allurar tana zubar da shi.

Ya zaɓi Madakiya don gwajin farko. Manoman can suna da ƙungiya, suna tara shanunsu goma sha huɗu a shinge ɗaya bayan majami'a, kowace da mai ita. Ranar Lahadi bayan sujada ya tsaya a gindin mangwaro ya yi musu bayani da Hausa, domin shi mutumin Kagoma ne, ba ya jin yarensu sosai. Shugaban ƙungiyar, Baba Kumai, ya saurara har ƙarshe yana dogare da sanda.

"Dokta, na ji duka," in ji shi. "To, shi bijimin fa? Ba zai zo ya gaishe mu ba?"

Aka fashe da dariya.

"Baba, bijimin yana can nesa, ko sunan Madakiya bai taɓa ji ba. Saƙonsa kawai za a ɗora wa jirgin ƙasa."

Suka yi ta tambaya har rana ta karkata. A ƙarshe suka yarda. Abin da Silvanus bai gaya musu ba shi ne, an ce masa ba za a aiko fulas ɗin ba sai shanun da aka yi wa allura sun kai goma sha biyu. Ƙasa da haka, wahalar ba ta cancanta ba, sai wata shekara.

Ranar allurar farko ana marka, irin yayyafin nan da ba ya tsayawa. Ya sa doguwar safar hannu yana duba shanun ɗaya bayan ɗaya, yana laluben mahaifa ta dubura. Biyu ya same su da ciki babba, ya sa aka ware su. Saura goma sha biyu cif. Ya yi wa goma sha ɗaya allura. Ta ƙarshe wata farar saniya ce mai ɗan karkataccen ƙaho, tana tsaye a kusurwa, wata tsohuwa tana riƙe da igiyarta.

Mama Afiniki ke nan. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar mata gonar citta da wannan saniya, wadda take kira Laraba. 'Ya'yanta maza biyu suna aiki a Kaduna. Hausarta irin ta tsofaffin wurin ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta.

"Dokta, wannan kada ka taɓa shi. Ya riga ya ɗauka."

"Mama, na duba ta ɗazu. Ban ji komai ba."

"Sati biyar yanzu. Fulani sun wuce ta rafi, farin bijimi ya hau shi, da ido na na gani. Tun daga ranan bai yi kuka ba. Da, shi ne gaba in za a fita kiwo. Yanzu shi ne baya."

Silvanus ya sake sa safar, ya sake lalube, ya daɗe. Ruwa na gangara masa ta wuya. Ɓangare ɗaya na mahaifar ya ɗan fi ɗayan taushi, ko kuma dai hannunsa ne ya gaji. Ya tuna malamin ya ce kafin sati shida hannu ba ya faɗin gaskiya kullum. Ya tuna sarai, ba wai ya manta ba. Ya kuma dubi sauran goma sha ɗayan da maganin ya riga ya shiga jikinsu, da mutanen da suka jeru a bakin shinge da buhuna a ka suna kallonsa.

"Babu komai, Mama. Ba kowace barbara ce ke kamawa ba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta dube shi, ta dubi akwatin ƙarfen da littafin da aka lulluɓe da leda. Sannan ta naɗe igiyar a hannunta, ta jawo kan saniyar ta jingina da ƙirjinta.

"To. Kai ka yi karatu."

Ya soka allurar a cinya. Ya rubuta goma sha biyu a littafi, ya hau babur ya koma gida. Da yamma Emilia ta ajiye masa tuwon acca da miyar karkashi, ta tambaye shi yadda aiki ya tafi. Ya ce lafiya lau. Ta lura bai ƙara komai ba, shi da ya yi wata guda yana cika mata kunne.

Bayan kwana huɗu ya koma duba su. Bai kai shingen ba ya hango Mama Afiniki a bakin hanya, wajen gadar katako, ita kaɗai. Ta ɗaga hannu ya tsaya. Tana riƙe da ganyen gwaza a naɗe. Ba ta gaishe shi ba, shi ma bai samu bakin gaisuwa ba. Ta buɗe ganyen.

Abin bai wuce gaɓar yatsa ba, a cikin wata 'yar jaka mai ruwa-ruwa. Wanda bai sani ba zai iya taka shi ya wuce. Silvanus ya sani. Har ɗigon ido ya gani, baƙi, ƙarami kamar ƙwayar acca.

"Da safe na same shi a bayan Laraba, kafin kaji su gani," in ji ta. "In binne, ko za ka kai ofis?"

Ba da gatse ta faɗa ba. Tambaya ce kawai, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Wa ya gani?"

"Babu."

Ya sauka daga babur. Ya karɓi ganyen, ya haƙa rami da reshe a gindin wata ɗorawa, ya rufe, ya danne da dutse. Da ya miƙe ya buɗe baki zai yi magana, sai ta riga shi.

"Na biyun yaushe ne?"

"Mama, in ba ki so…"

"Abin da ya zube ya zube. Ka gama abin da ka fara, ko zai ɗauki na Turai ɗin."

Aka yi allura ta biyu a ranarta. Kwana uku bayan nan, da hantsi, Silvanus yana tsaye a tashar Kafanchan lokacin da jirgin Kaduna ya shigo. Maƙwabcinsa Pius Uzochukwu, wanda yake gadin jirgin, ya sauko daga taragon baya rungume da fulas kamar mai ɗauke da jariri.

"Oga Silva, zo ka karɓi kayanka. Tun Kaduna yana hayaƙi, ga sanyi kamar gawa. Fasinja suna tambaya, na ce ni ma ban sani ba, kuma ban so in sani."

Silvanus ya ɗaure fulas ɗin a bayan babur da tsumma da roba, ya tuƙa a hankali yana kauce wa ramuka. Tun daga nesa ya ji kukan shanu. Bai taɓa ganin irin abin da ya tarar ba, ko a Zariya. Shanun suna ta zagaye shingen, suna kuka, suna hawan junansu, duk a lokaci ɗaya, kamar an kaɗa musu ƙararrawa. Rabin gari ya taru. Matan Zumunta na majami'a suna rufe baki da gefen zane suna dariya. Baba Kumai ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Dokta, ka ce ran Alhamis, ga shi ran Alhamis," ya ce a hankali. "Wannan abu yana ba ni tsoro kaɗan."

Silvanus ya ji daɗi ya cika masa ƙirji, ba zai musa ba. Shekara ashirin da biyu yana bin cuta a baya, yau ga shi ya faɗi abu kafin ya faru, ya kuma faru. Ya yi aikin da natsuwa, saniya bayan saniya. Da ya zo kan Laraba, Mama Afiniki ta riƙe masa igiya kamar wancan karon, tana kallon wani wuri. Ya gama da ita da sauri, daɗin ya gushe.

A watan Disamba ya dawo ya duba. Bakwai sun ɗauka, biyar ba su ɗauka ba. Laraba tana cikin biyar ɗin. Ya gaya wa tsohuwar, ta gyaɗa kai ta ja saniyarta.

Fom ɗin rahoton yana da gurbi ga kowane abu: nawa aka yi wa allura, nawa suka nemi bijimi, nawa suka ɗauka, nawa suka yi ɓari. Ya cike duka, ya bar na ƙarshen fari. Bai rubuta sifili ba, bai rubuta ɗaya ba. Ya aika da shi haka, ba wanda ya tambaya.

Duk ranin nan abin bai bar shi ba. Yana kan babur zuwa Kagoma ko Zonkwa sai ya kama kansa yana lissafi: da yanzu cikin ya kai wata shida, da yanzu bakwai. Wani lokaci ya ce wa kansa ai da ta haihu a watan Afrilu, kafin ciyawa ta tashi, wataƙila ma maraƙin ba zai rayu ba. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma ba ta taɓa kwantar masa da hankali fiye da mil ɗaya ba. Wata ranar Asabar suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ya gaya wa Emilia komai. Ta ci gaba da ɓara har ya gama.

"Baban Hellen, kuskure ne ko kuwa ka sani?"

"Ban tabbata akwai ciki ba."

"Amma ka ce mata ka tabbata babu."

Ta share ɓawon da ke cinyarta.

"To, ni ban ga abin da zan ce maka ba wanda ba ka riga ka gaya wa kanka ba."

A watan Yuni na 1978 shanun bakwai suka haihu cikin kwana tara. 'Yan maruƙa masu dabbare-dabbare, baƙi da fari, dogayen ƙafafu, suna tsalle cikin ciyawar da ta kai gwiwa. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyukan kewaye. Ƙungiya ta shirya godiya a gindin mangwaro, aka dafa shinkafa, matan Zumunta suka kawo tulu da kacau-kacau na kiɗa. Babban jami'in yanki, Mista Alexander, ya zo da mota. Fasto ya yi addu'a, Baba Kumai ya yi jawabi, sannan aka ce Dokta ya ce wani abu.

Silvanus ya miƙe. Ya yi godiya. Ya hango Mama Afiniki a layin mata, ta ɗaura sabon kallabi, tana tafi tare da kowa.

"Akwai abin da ban faɗa ba," in ji shi. "Ranar allurar farko Mama Afiniki ta ce mini saniyarta tana da ciki. Na duba, ban gane ba ko akwai ko babu. Amma ina bukatar shanu goma sha biyu kafin a aiko mana da iri, sai na ce mata na tabbata babu. Akwai. Allurar ta zubar da shi. Ni na binne shi da hannuna. Yau kuna da maruƙa bakwai, ita ba ta da ko ɗaya, kuma ni ne dalili."

Mutane suka juya suna kallon tsohuwar. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Baba Kumai ya yi gyaran murya ya ce sun ji, Ubangiji ya ga zuciyar kowa, a kawo abinci. Daga baya Mista Alexander ya ja Silvanus gefe ya ce masa ya rubuta wannan a takarda ya kawo ofis ran Litinin, domin irin abin da ake so a sani ke nan kafin a faɗaɗa aikin. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi yabo ba.

Silvanus ya zaci zai ji sauƙi. Da taro ya watse ya bi Mama Afiniki, ya cim mata a hanyar gonarta. Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Wa ya aike ka?"

"Mama, gaskiya ce. Ya kamata su sani."

"Yanzu kowa yana kallo na kamar abin tausayi. Matar Fasto har ya ƙara mini nama." Ta juyo. "Kana tsammani don kai na yi shiru?"

Haka yake tsammani, wata goma cur.

"Shekara takwas ina tare da Laraba. Na san tafiyan shi, na san kukan shi. Ranan nan na sani, Dokta, sani na gaske. Sai na ga akwati, na ga littafi, na ce wace ce ni. Da hannu na na riƙe maka igiya. Wannan ne ban so mutane su ji ba. Naka laifi ka faɗa, ka huta. Nawa fa, wa zan gaya wa?"

Ya tsaya da hula a hannu. Duk tsawon ranin bai taɓa tunanin ita ma tana ɗauke da wani abu ba, ban da rashin maraƙi.

"Ki gafarce ni, Mama. Har da na yau."

"Na ji," in ji ta. Ta ci gaba da tafiya.

Ya kai takardar ran Litinin. A wannan shekarar shanu ashirin da uku aka kawo, har daga ƙauyuka biyu na kusa. Silvanus ya sa aka raba su da bijimai wata biyu kafin allura, kuma kafin ya sa safa yakan tsaya ya tambayi mai saniya abin da ya gani, ya rubuta. Uku ya mayar don maganar masu su kaɗai, ko da yake hannunsa bai ji komai ba. Biyu daga ciki sun haihu daga baya, ɗaya ashe ba ta da komai, mai ita ya yi ta ƙorafi an sa ya yi asarar shekara.

Mama Afiniki ba ta kawo Laraba ba. Ta ma cire ta daga shingen ƙungiya ta ɗaure a bayan ɗakinta, da Fulani suka sauko rafi ta kai ta da kanta.

Laraba ta haihu a watan Maris na 1979, a tsakiyar zafi, babu koren ganye ko ɗaya a ƙasa. 'Yar maraƙa ce fara, ƙarama, ƙafafunta na rawa. Labari ya iske shi a kasuwar Kafanchan. Ranar Asabar ya ɗaure damin harawa biyu da buhun dusa a babur ya tafi. Ta fito ta dubi kayan ta dube shi.

"Ban roƙa ba."

"Na sani. Ba naki ba ne, na Laraba ne."

Ta ɗan yi tsaki, ta nuna masa inda zai ajiye. Haka ya riƙa zuwa kowace Asabar har ruwa ya sauka a ƙarshen Afrilu. Ba su cika magana ba. Yakan duba uwar, ya ɗaga leɓen maraƙar ya ga launin dasashi, ya sha kunun da ta ajiye masa a kan turmi, ya tafi. Sau ɗaya maraƙar ta yi zawo kwana uku har ta kasa tashi, suka yi ta ɗura mata ruwan gishiri da kwalba, shi yana riƙe kai, ita tana zubawa. Ta tashi a rana ta huɗu.

Asabar ta ƙarshe, yana shirin tayar da babur, ta fito da ƙullin busasshiyar citta ta cusa masa a jaka, ta ce a kai wa Emilia. Sannan ta ce maƙwabciyarta Mildred tana da karsana da ba ta taɓa ɗauka ba shekara huɗu, tana jin kunyar zuwa taron ƙungiya. Ko zai biya ya duba mata?

Ya kashe babur ɗin, ya sauke akwatinsa. Ta wuce gaba ta cikin gonar, yana biye da ita.